Kwaɗin Tsibiri Da Kwaɗin Kududdufi



A tsibirin Siri Lanka, wanda ake kira Silon kafin 1972, akwai wani dangin kwaɗi da masana suka laƙaba wa suna Nannophrys. Iri huɗu ne kacal, kuma babu su ko'ina a duniya sai can. 'Ya'yansu ba sa girma cikin tafki, sai dai su manne a jikin duwatsun da ruwa ke tsattsafowa. Ɗaya daga cikin huɗun an rubuta bayaninsa a 1882, daga nan ba a sake ganinsa ba, har masana suka yanke cewa ya ƙare.

To, me ya haɗa wannan da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni? Kwaɗo ba ya ƙetare teku, kuma fatarsa ba ta jure bushewa. Saboda haka kududdufin da kwalta da siminti suka kewaye tsibiri ne a gare shi. Ran da aka cike shi da shara aka aza tubali, burduddugin da ke ciki ba shi da wurin ƙaura. Ƙwarin da yake ci su samu sarari, ruwan saman da kududdufin ke tarewa kuwa ya nemi hanyar zaurukanmu.

Roƙona gare ku, musamman masu aiki a ofisoshin filaye: daminar bana, ku zaga unguwannin nan biyu bayan sallar isha'i, ku rubuta kowane kududdufin da har yanzu ake jin kukan kwaɗi a cikinsa, da sunansa da kwanan wata, tun kafin a yanka shi fuloti.