Takardar Kwangilar Gwamnati: Jawabin da Za a Karanta a Taron Rassa



Yau maganarmu a kan takarda take, wato takardar da gwamnati ke miƙa wa mutum ya sa hannu in tana son ya gina mata lekol, ko ya kawo mata hatsi, ko ya gyara hanya. A biro ana ce mata marshe, mu muna ce mata kwangila. Kuɗin da ke cikinta kuɗin harajinmu ne, don haka wajibi ne mu san yadda ake ƙulla ta. Mun zaɓi mu ba ku labarin gwamnatin tarayyar Amurka, domin can an tsara abin dalla-dalla, kuma a cikinsa akwai na ɗauka, akwai na tsoro.

A ranar 1 ga Afrilu 1984 suka fara aiki da kundi guda na dokokin sayayya da ake kira FAR, wanda ya haɗa ma'aikatun farar hula da na soja. A 2025 an ba da umurnin a rage shi a sake rubuta shi don ya yi kauri da yawa. Cikin kundin, sashe na 52 ne aka ware wa sharuɗɗa, kowane sharaɗi da lambarsa. Takardun cikewa su ma da lambobinsu: ta 1442 ta aikin gini, ta 1449 ta kayan da ake samu a kasuwa, ta 30 kuwa ita ake cikewa in za a canza wani abu a kwangilar. Amfanin wannan shi ne babban kamfani da ƙaramin ɗan kasuwa duk takarda ɗaya suke cikewa, babu wanda za a rubuta wa tasa daban a bayan ɗaki.

Amma fa ku saurara. Sau da yawa ba a rubuta sharaɗin duka, lambarsa da sunansa kawai ake sawa, a ce ƙarfinsa daidai yake da an rubuta shi. Wanda bai je ya nemi kundin ya karanta ba, ya ɗaure kansa da igiyar da bai gani ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Wani kamfani, G. L. Christian, ya karɓi aikin gina gidaje 2,000 na soja a barikin Fort Polk, jihar Luwiziyana. A 1958 soja suka soke aikin don za a rufe barikin. Kamfanin ya kai ƙara, yana neman ribar da da zai samu in an gama, hujjarsa kuwa ita ce takardarsa ba ta ɗauke da sharaɗin da ya ba gwamnati ikon soke aiki in ta ga dama. A 1963 kotu ta ce tunda doka ta wajabta a sa sharaɗin, to, kamar yana ciki ne ko da an manta shi. Ribar aikin da ba a yi ba ta tafi ke nan. Kun ji gwamnati ba abokiyar ciniki ba ce irin ta kasuwar Maraɗi, inda in an ce "na sallama" magana ta ƙare.

Manoma, ga taku. A 1947 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar wasu manoman alkama na jihar Aidaho, gidan Merrill. Wakilan hukumar inshorar gona ta tarayya sun gaya musu za a rufa wa gonarsu asiri in ta lalace. Fari ya zo ya cinye alkamar. Da suka nemi diyya sai aka fito da wata ƙa'ida da aka riga aka buga a jaridar gwamnati, wadda ta hana inshorar irin shukar da suka yi. Kotu ta ce bakin wakili ba ya ɗaure gwamnati a kan abin da doka ta hana. Haka abin yake a kwangila: jami'in da aka ba takardar izinin ƙulla ta, shi kaɗai ne sa hannunsa ke da nauyi. Wanda ya tsaya bakin gini ya ce "ƙara ɗaki ɗaya, za mu biya ka", in ba shi ne mai izinin ba, iska ya ba ka.

To, ina na ɗauka? Sharuɗɗan da ke kare mai gumi. Dokar Davis-Bacon ta 1931 ta ce ɗan kwangilar ginin gwamnati ya biya ma'aikata ladan da aka saba biya a wannan yanki, kada ya ci kwangila da arha ta hanyar matse lebura. Ku tuna a wannan shekara kakanninmu suna fasa dutse a hanyoyin Nasara ba ko tamma, aikin dole bai faɗi ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta Afrilu 1946. Dokar Miller ta 1935 ta sa mai babban aikin gini ya kawo jingina, don in ya gudu, mai yashi da mai siminti su sami inda za su kama. Dokar 1933 ta ce a fifita kayan da aka yi cikin ƙasar. Kun ga masu yi mana wa'azin buɗe kasuwa sun san darajar kayan gida. Dokar 1982 kuma ta ce a biya ɗan kwangila, galibi cikin kwana 30, in an wuce gwamnati ta ƙara masa kuɗin jinkiri. Malamanmu za su ce wannan ruwa ne. To, a kira shi tara, a dai hukunta mai riƙe haƙƙin mutane. Akwai kuma sharaɗin da ɗan kwangila ke tabbatar da cewa bai ɗauki ɗan kamasho ya nemo masa aikin ta bayan fage ba, in ya yi ƙarya gwamnati na iya soke kwangilar.

Mu ma ba mu rasa doka ba. A Disamba 2005 ƙasashen UEMOA, har da Nijar, suka amince da ƙa'idoji guda na ba da marshe. Sai dai da Faransanci suke, mai kawo gero daga Tasawa kuwa ba da shi yake ciniki ba. Abin da muke nema shi ne a fassara takardun cikewa da manyan sharuɗɗa da Hausa da sauran harsunanmu, a manna sanarwar kowane aiki a bakin kasuwa ran cinta, a kuma buɗe ambulan na masu nema a gaban jama'a.

Kafin taro mai zuwa, kowane reshe ya naɗa mutum biyu masu karatun boko da za su karanta wa ɗan'uwa takarda kafin ya dangwala. Su duba abu uku: wa ya sa hannu, yaushe za a biya, da me zai faru in an soke aikin. Sakatarorin Damagaram da Tawa su aiko da sunayen nasu tare da na Maraɗi.