Jawabin Shugabar Mata: Idan Aikin Maigida Ya Tsaya

Na sa an rubuta abin da na faɗa a zamanmu saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

Yau ba maganar zaɓe zan yi ba. Kwanan nan kiran da nake samu kusan iri ɗaya ne: an rage ma'aikata a wurin aikin maigida, ko an yi wata uku ba albashi, ko yaro ya gama bautar ƙasa yana zaune a gida. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowacce ta san inda kuɗin mota da na cefane suka kai. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 a 2024, to amma wannan ai na mai aikin ne.

Ni ma na ɗanɗana. Shekarun baya aka sallami baban yarana daga kamfanin da yake. Wallahi kwana goma yana saka kaya da safe ya fita kamar mai zuwa aiki, ashe a masallacin unguwa yake yini, kunya ta hana shi faɗa mini. A bakin maƙwabciya na ji. Kuma na yi kuskure, don da ya dawo faɗa na tare shi da shi, maimakon in ba shi ruwa ya sha. Har yau abin yana damuna. 'Yar uwa, namijin da ya rasa aiki ya riga ya sha duka a waje, kar ki ƙara masa a ɗaki, kar kuma ki bari yara su ji kina gorin cefane.

Mun karanta a Islamiyya cewa arziki na Allah ne, kamfani sababi ne kawai. Amma tawakkali ba zama ba ne. Nana Hajara sau bakwai ta yi kai-kawo tsakanin Safa da Marwa kafin Zamzam ta ɓuɓɓugo. Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina ba shi da komai, ɗan uwansa Ba'ansare ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa hanyar kasuwa ya nemi a nuna masa. Ga wadda ke ganin asara ce ta ciyar da gida da kuɗin sana'arta, ta tuna Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'udu. Ta aika aka tambayi Manzon Allah (SAW) ko za ta iya ba mijinta sadakarta, aka ce mata lada biyu gare ta, na zumunci da na sadaka.

Yanzu abin da yawancinmu ba mu sani ba. Idan maigida yana cikin tsarin fanshon da ake cire masa kuɗi duk wata, dokar fansho ta 2014 ta ba shi dama: in an sallame shi, bai kai shekara 50 ba, kuma ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, zai iya karɓar kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara. Kamfanin fanshonsa zai je da takardar sallama. Don haka kar ya yaga ta don fushi, ki karɓa ki adana a ƙasan akwati. Mu da shi muka fara sarin hatsi.

Sai gargaɗi. Don girman Allah ku guji bashin nan na waya. Ga ruwa a kai, wanda riba ce, ga shi in kin makara sai su tura saƙon cin mutunci ga duk lambobin da ke wayarki, har surukai. Haka masu cewa kawo dubu 50 ta zama dubu 100. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a 2025, mata nawa suka sayar da 'yan kunnensu suka zuba? Gara ki tafi wurin uwar adashi ki faɗa mata gaskiya, a matso miki da ɗaukarki ko a rage miki zubi.

Mu kuma da Allah ya rufa wa asiri, ba sai ta zo ta roƙa ba. In kin ga maƙwabciya ta daina ɗora tukunya sau biyu, ko yaranta sun daina zuwa makaranta, aika kwanon masara bayan magariba. Ban yarda a ɗauki hoto ba, ko don a nuna mun yi aiki. Kuma ba a tambayar katin jam'iyya. Masu fitar da zakka su tuna wa mazajensu cewa wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aka lissafa a Suratut Tauba, aya ta 60.

Kowace shugabar mazaɓa ta tattara mini, a ɓoye, gidajen da aka rasa aiki da sana'ar da mutumin ya iya: direba ne, tela ne, mai gyaran wuta ne. Sau da yawa wata na neman direba alhali mijin ta kusa da ita yana zaune. A turo mini ni kaɗai kafin Juma'a, kar a saka sunan kowa a zauren nan.

Wassalamu alaikum.