Rabon Ruwa a Tiga da Rabon Ma'ajiya a Cikin Kwamfuta



Na san wasunku na mamakin ganin malamin Hausa ya tsaya zai yi maganar cikin kwamfuta. Ku yi mini uzuri. Na'urar nan ta shiga ofisoshinmu da aljihunanmu, tilas ne kuwa harshenmu ya bi ta ciki.

Bari mu fara daga gida. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwanta ke bin babbar magudana zuwa gonakin Kadawa da Kura. Yana da yawa, amma yana da iyaka, shi ya sa aka yi ƙofofi da masu tsaronsu. Manomi ya karɓi rabonsa, ya shayar da fangalinsa, ya toshe.

Haka ma'ajiyar kwamfuta take, watau wurin da take ɗora bayanai na ɗan lokaci yayin da take aiki. Mai rabon wurin ita ce uwar manhaja, irin su Windows da Linux, wadda a kanta aka gina Android ta wayoyinku. Cikin masu neman rabo akwai 'yan ƙananan manhajojin da ake kira direbobi. Ni na fi son in ce musu tafintoci, domin su ke fassara tsakanin uwar manhaja da na'ura, kamar kyamara ko injin buga takarda.

Haɗarin tafinta shi ne, a cibiyar uwar manhaja yake zaune. Manhajar wasa in ta yi kuskure, ita kaɗai ake rufewa. Shi kuwa tafinta a bakin babbar magudana yake, in ya fasa, kowa ya sha ambaliya. Yana iya zarce iyakar wurin da aka ba shi. Yana iya mayar da wuri, sannan ya ci gaba da rubutu a ciki alhali an riga an ba wani, kuma ta irin wannan kafa ce ɓarayin bayanai ke yawan shigowa.

Ran 19 ga Yuli 2024 duniya ta ga misali. Wani direba na kamfanin tsaro na CrowdStrike, mazaunin cibiyar Windows, ya nemi bayani na 21 alhali 20 aka miƙa masa, ya karanta inda ba nasa ba. Kwamfutoci wajen miliyan 8.5 suka tsaya, aka soke dubban tafiye-tafiyen jiragen sama, asibitoci suka ɗage ayyuka.

Amma abin da na fi so ku riƙe shi ne maganar hani. Tafinta yakan roƙi wuri a ce masa babu. Wani lokaci yana da damar jira a share masa. In kuwa na'ura ce ta yi masa kiran gaggawa, ba ya da halin jira, sai dai a ɗebo masa daga ɗan ajiyar ko-ta-kwana, ita ma takan ƙare. Marubucin da bai tanadi abin yi ba in aka hana shi, kamar manomi ne da ya shuka alkama bai tambayi ko za a buɗe ƙofa ba.

A kan wannan ne Linus Torvalds, mafarin Linux, ya kafe a 2021, lokacin da aka kawo shawarar rubuta direbobi da harshen Rust, wanda ke kama yawancin kurakuran ma'ajiya tun kafin manhaja ta fara aiki. Ya ƙi yarda da tsarin da zai tsayar da cibiya don kawai an rasa wuri. A ganina ya yi daidai. Aka gyara, ta yadda duk roƙon wuri zai komo da amsa, ko samu ko rashi, marubuci kuma ya tanadi duka biyun. A Disamba 2022 Rust ya shiga Linux, a fitowa ta 6.1.