Horon Ma'aikaci da Kiyaye Mutuncinsa



Bahaushe ya ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Cikin sifofi goma na mutumin kirki waɗanda Kirk-Greene ya zana a littafinsa na 1974 akwai mutunci, akwai kuma adalci. Wurin da waɗannan biyu suka fi samun gwaji kuwa shi ne ofis, ranar da aka tuhumi ma'aikaci da laifi.

Ƙasar nan ta taɓa ganin irin wannan rana a bainar jama'a. Bayan da Janar Murtala Muhammad ya hau mulki ran 29 ga Yuli, 1975, an sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin 'yan watanni, har da Alƙalin Alƙalai, Taslim Elias. Babu shakka akwai ɓarna a lokacin, jama'a kuma sun yi murna. Amma da yawa a rediyo ko a jarida suka fara samun labarin korarsu, ba takardar tuhuma, ba zama, ba wanda ya ce musu, "Me za ka ce?" Aka haɗa wanda ya ci amana da wanda tsufa kawai ya kama, aka yi musu kuɗin goro. A 1984 kuma Doka ta 17 ta hana kotu ma sauraron ƙarar wanda aka kora.

Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Waɗanda suka tsira sun koyi darasin da ba shi aka nufa ba, watau cewa kujera ba ta da tabbas, gara mutum ya yi guzuri tun rana ba ta faɗi ba. An je kashe wuta, an bar garwashi a toka.

To, a sauko daga manyan ofisoshi zuwa gari kamar Kurugu, a ƙasar Karaye. A birni wanda aka kora yana iya ɓacewa cikin taro. A Kurugu ina zai shiga? Malamin firamare da aka yi wa tsawa gaban 'yan ajinsa, kafin la'asar maganar ta kai kasuwa. Da iyayen yaran nan zai haɗa sahu a masallaci, a cikinsu ne kuma za a fito neman auren 'yarsa. Albashin wata guda aka yi niyyar yankewa, sai ga shi an yanke masa abin da ya shekara ashirin yana tarawa. Wannan ƙarin horo babu shi a kowace doka, kuma sau da yawa shugaban da ya yi shi bai ma san ya yi ba.

Dattawan ƙauye sun san wannan tun kafin zuwan fayil. Dagaci mai hankali yakan kira mai laifi zaure bayan sallar lisha, ya sallami 'yan kallo, ya bar shi ya faɗi nasa, sa'an nan ya yi masa faɗa. Hukuncin yakan yi zafi, amma gobe da safe mutumin yana iya fitowa gaisuwa.

Dokar zamani ma nan ta dawo. A 1985 Kotun Ƙoli, a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Ikko, ta mayar da malaman da aka sallama ba bisa ƙa'ida ba, kuma sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa hakkin a saurare shi. Sai dai malamin Kurugu ba shi da kuɗin lauya, Kano ma tafiya ce gare shi. Abin da ke tsakaninsa da wulaƙanci shi ne halin hedimasta da na Sakataren Ilimi: ko su miƙa masa takardar tuhuma a rufe, hannu da hannu, su ba shi kwanakin amsawa, ko kuwa su aiko masinja ya karanta ta a bakin aji.