Sufanci: sanin hujja da sanin ɗanɗano

 

An ce in yi magana kan ma'anar sufanci. Na sani, da an ambaci kalmar nan sai zaure ya rabu biyu: wasu su tuna wazifa da mauludin Kiyota, wasu su ce bidi'a. To, ku aje wannan gardama bakin ƙofa tare da takalma, in mun tashi kowa ya ɗauki tasa.

A faɗar akasarin malamai, kalmar daga "suf" ta fito, wato ulu, tufar masu gudun duniya na farko. Amma tufa ba ta bayyana komai ba. Mu dubi Imamu Gazali. Babban malami ne a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya karanci falsafa har ya rubuta littafi yana warware hujjojin masu ita. Sai ga shi a 1095 harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da karatu. Ya bar kujera, ya bar kusancin fada, ya kama hanyar Sham. Mi ya rasa? Ya gano sani iri biyu ne. Akwai na hujja, wanda hankali ke hawa mataki-mataki, shi ne na masu falsafa. Akwai kuma wanda sufaye ke kira zauƙi, wato ɗanɗano.

Mu nan ba sai an yi mana dogon sharhi ba. Jami'in da ya karanta rahoton yunwar 2005 cikin ofis a Yamai ya san alƙaluma. Uwar da ta kwana riƙe da yaro mai tamowa a Maraɗi, ita yunwa ta sani. Wa zai haɗa su? To, sufi cewa yake kada saninka da Allah ya tsaya a na mai karanta rahoto.

Ga inda ni nake da damuwa. Ɗanɗano ba shi da shaida a fili. Kowa na iya cewa ya ɗanɗana, ya naɗa rawani, a riƙa kawo hadiyya, lokacin zaɓe ƴan siyasa su yi layi ƙofar gidansa. Shi ya sa manyan sufaye ba su taɓa sakin zauƙi ya yi kiwo shi kaɗai ba, sun ɗaure shi da shari'a da hali.

Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo baƙadire ne, an haife shi a 1754 a Maratta, nan kusa da Galmi. Ranar da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a filin idi ya raba musu dukiya, Shehu bai karɓa ba. Abin da ya roƙa maimakonta: a bar shi ya yi wa'azi, a saki waɗanda ke tsare, a sassauta wa talakawa haraji. Kuma Bawa ya amince.

Na ga hannuwa sun fara tashi. Mu fara da ɓangaren mata.