Ayarin Masu Keke da Tagwayen Hanya a Dawanau



Bahaushe yana da turba, yana da burtali, yana da gwadabe. Kowanne an yi shi ne daidai tafiyar mutum da dabbarsa. Titi da kwalta baƙi ne, mota ta zo da su. To, a kan wannan baƙunta nake son in yi magana, in kafa misali da Dawanau ta ƙasar Dawakin Tofa.

Karkarar Kano, kamar yadda Michael Mortimore ya nuna a bincikensa na 1965, ƙasa ce mai cunkoson jama'a, wadda ake noma ta kowace shekara ba hutu. Jaki ke kai itace birni, ya komo da taki. Da keke ya yawaita, musamman Rale wanda har aka riƙa haɗa shi a Kano, sai ya gaji rabin aikin jaki, ya kuma gaji al'adar fatake. Watau ba a fita ɗai-ɗai. Bayan sallar asuba ake ɗaure kaya a kariya, a jeru. In tayar wani ta yi faci, a tsaya masa. In sarƙa ta zube, ga mai taimako. Ni kaina a irin wannan jeri na fara ganin ganuwar birni.

An kafa kasuwar hatsi ta Dawanau a 1985, manyan motoci suka yi mata caa. A 2013 kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar mayar da hanyar Katsina tagwaye, daga shataletalen Dawanau zuwa iyakar Jihar Katsina, kimanin kilomita 74. Ba wanda zai ƙi hanya mai kyau. Amma injiniya tsawon hanya yake aunawa, mazaunin gefenta kuwa faɗinta ne ya dame shi. Gidansa yana wannan hannu, gonarsa da makarantar 'ya'yansa suna wancan. Wanda aka rushe wa katanga a iya biyansa diyya. Wa zai biya tsohuwar da ta kasa tsallakawa zuwa gidan suna?

Ayarin masu keke ma haka. Tirela ba ta san jeri ba. In ba a bar musu kafaɗar hanya mai faɗi ba, dole su watse, kowa ya yi ta kansa cikin ƙura.

Saboda haka ina roƙon ma'aikatan da ke zauren nan, kafin ku sa hannu a kan taswirar wata hanya, ku je bakinta da asuba, ku ƙirga kekuna da masu tsallakawa, kamar yadda kuke ƙirga motoci.