Ƙarfin Ja ko Tsimin Mai: Lissafin Haƙoran Akori-Kura a Ƙasar Noma



Wannan yanki namu, daga Funtuwa zuwa Bakori, Ƙafur da Malumfashi, ƙasar noma ce tun kaka da kakanni. Auduga ta yi mana suna, masara da dawa da waken suya suna bin bayanta. A tsakiyar shekarun 1970, da Bankin Duniya ya tallafa wa shirye-shiryen raya aikin gona na farko a Najeriya, Funtuwa na cikin wurare ukun da aka zaɓa, tare da Gusau da Gombe. A 1975 kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, akori-kura 404 da ƙanwarta 504 suka shiga ƙauyuka suna karɓar aikin jakuna. Yau Hilux da Kanta sun gaje su. Amma tambayar da ke gaban mai mota ba ta canja ba: yaya buhu zai fito daga gona ya isa kasuwa ba tare da mai ya cinye ribar ba?

Tambayar ta ƙara zafi tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin fetur. Litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Tun daga nan hirar tasha ta koma wace mota ce ba ta shan mai. Ni kuwa abin da ya kawo ni shi ne in ce wani ɓangare na amsar yana ƙarƙashin bodi, cikin ƙullin ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, inda yawancinmu ba mu taɓa leƙawa ba sai ranar da ya fara kuka.

Inji yana juyawa da sauri, amma juyin nasa ba shi da ƙarfin da zai tura tan guda na masara kai tsaye. Aikin giya shi ne ta karɓi saurin ta mayar da shi ƙarfi. Ku dubi ɗan dako da buhu a ka zai hau tudu: gajarta taku yake yi, ya yawaita shi, don kowane taku ya yi masa sauƙi. Giya ɗaya ke nan. In ya sauke kaya ya kama fili, sai ya buɗe ƙafa. Direba yana canja giya yadda ya ga dama, amma akwai ragi na ƙarshe da hannunsa ba ya kaiwa. Farfela tana shiga aksul ɗin baya da ƙaramin ƙarfe mai haƙora, shi kuma yana juya babban faifai mai haƙora, faifan ya juya tayoyi. Yawan haƙoran nan biyu shi ne halin motar.

Ga lissafin, kuma ina roƙon makanikai su bi ni a hankali. In faifan yana da haƙora 41, ƙaramin yana da 11, farfela za ta juya sau 3.73 kafin taya ta juya sau ɗaya. In ƙaramin haƙoransa 9 ne, sai ta juya sau 4.56. Bambancin haƙora biyu kacal, amma mota ta biyu tana da ƙarin ƙarfin ja na kusan kashi 22 cikin ɗari a kowace giya. Ita ce za ta tashi da lodi daga fadama ba tare da kuloci ya yi ƙauri ba. To, taura biyu ba ta taunuwa. A ɗauka taya tana cin mita 2.2 a kowane juyi, ana tafiyar kilomita 80 a awa a giya huɗu. Injin mota ta farko yana juyi wajen 2,260 a minti, na ta biyu wajen 2,760. Ƙarin juyi 500 a kowane minti, tun daga Malumfashi har Dawanau. Shan man ba ya ƙaruwa daidai da kashi 22 ɗin, amma yana ƙaruwa, ga zafi, ga ƙara, ga cin inji.

A Amurka mai sayen sabuwar akori-kura zaɓa yake yi tun a kamfani. Ford F-150, alal misali, ana samunta da aksul mai lamba 3.31 ko 3.55 ko 3.73, kuma takardar motar tana faɗin nauyin da kowanne zai iya ja. Mu a nan tsohuwar mota muke saye. In aksul ya mutu, a tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna a ɗauko wanda ya yi daidai da ramukan noti, a ɗaura. Ba mai ƙirga haƙora. Bayan mako guda direba ya dawo yana cewa mota ta yi sanyi, ko ta koma shan mai, sai a hau kwance kafireto, alhali inji lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya fi damuna shi ne kuskuren da tsadar mai ta haifar. Mutane suna neman aksul mai sauƙin juyi, ko su sa manyan tayoyi, wai don tsimi. Taya da ta fi ta asali girma da kashi 10 cikin ɗari tana rage ƙarfin ja da kusan kashi 9, kuma agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Ga motar da ke zirga-zirga a kwalta tsakanin Funtuwa da Zariya da kaya marasa nauyi, wannan na iya biya. Amma motar da aikinta shi ne shiga gona da kaka, ta bi burji da yashi da kwazazzabo, tsimin nan asara ne. Inji zai riƙa nishi, direba ya daɗe a giya ɗaya da biyu yana danne totur, ƙafarsa rabi a kan kuloci. Man da aka so a tsimar ya ƙone a nan, a ƙara da kuɗin faifan kuloci. Hukuncina ga motar ƙauye irin tamu shi ne aksul mai ƙarfi, a haɗa shi da giyabos mai giya biyar. Giya ta biyar tana sauke juyin inji da wajen kashi ɗaya cikin biyar in an hau kwalta, ta mayar maka da mafi yawan abin da aksul ɗin ya karɓe.

Masu mota mai jan ƙafa huɗu, ku kiyaye: dole haƙoran gaba da na baya su zo ɗaya. In suka saɓa, ranar da aka sa giyar taimako tayoyin za su yi ta faɗa da juna har wani ƙarfe ya karye.

Gane abin da ke motarka ba ya buƙatar kwance komai. A sa waigi a tayoyin gaba, a cire mota daga giya, a ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak. A yi alama da alli a taya da farfela. A juya tayar sau biyu cif, ana ƙirga juyin farfela. Adadin da aka samu shi ne lambar aksul ɗin. Yaron gareji ma zai iya.

Sai ma'aunin da ya kamata mu riƙa amfani da shi. Mota ba don ta ci kilomita aka saye ta ba, don ta kai buhu ne. A cika tanki, a yi aikin yini, a sake cikawa, a raba litocin da yawan buhunan da aka sauke a Bakori ko Dandume. Wannan lambar ce ke faɗin gaskiya. Za ta kuma nuna abubuwa biyu da ba ruwansu da haƙora. Na farko gudu: turjiyar iska a kilomita 100 ta fi ta kilomita 80 da fiye da rabi, balle an tula buhunan auduga sun wuce kan direba. Na biyu lodi: akori-kura irin Hilux an ƙera ta ne don ɗaukar kimanin tan guda, wato buhu goma masu kilo 100. Giya mai ƙarfi za ta tayar da buhu ashirin, amma ba za ta ƙara wa birki ko sifirin komai ba, kuma a gangare birki ne ke riƙe da ran mutane.

Ga hukumomin ƙaramar hukuma da na jiha, kowace hanyar gona da aka zuba wa burji aka gyara kwalbatinta tana ba direba damar hawa giya uku a inda yake rarrafe da ɗaya, kuma manomi ne zai ga ragin a kuɗin dako.

Ina roƙon shugabannin tasha da na gareji: kafin kakar bana, a auna aksul ɗin kowace motar da ke ɗaukar amfanin gona, a rubuta lambar a jikin ƙofa ta ciki, kada kuma a sake ɗaura wani sai an ƙirga haƙoransa a gaban mai mota. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a noma.